Ƙwayoyin Tsamin Nono da Garkuwar Jiki a Gaban Korona: Tambayoyi da Amsoshi

A watannin kulle na 2020, lokacin da aka rufe kasuwanni da masallatan Juma'a a Kano, saƙonnin murya sun yi ta yawo a WhatsApp. Wani ya ce citta da lemun tsami, wani ya ce tafarnuwa, wani ya ce turaren ganye. Yawancinsu sun bi ruwa. Ɗaya ce ta ƙi mutuwa, har yanzu ana jefo mini ita a wurin biki da wurin zaman makoki: wai kindirmo yana ƙara garkuwar jiki. Abin da ya sa ta daɗe shi ne tana da ƙafa a cikin ilimi, sai dai ƙafar ba ta kai tsawon da masu talla ke ba ta ba. Ga tambayoyin da aka fi yi, da abin da bincike ya nuna.

Su wane ne ƙwayoyin tsamin nonon nan?

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake kwantar da kindirmo ya ga aikinsu, ko da bai gan su ba. Bafillatana za ta tafasa madara, ta bar ta ta huce har yatsa ya iya jure ɗuminta, ta ɗebo ɗan kindirmon jiya a ludayi ta zuba, ta rufe ƙwarya da faifai ta tura lungu. Da safe madarar ta kama, ta yi kauri, ta yi ɗan tsami. A cikin ludayin nan akwai miliyoyin bakteriya masu rai. Su ne suka kwana suna cin sukarin da ke cikin madara suna fitar da wani sinadari mai tsami, tsamin kuma ya daskarar da madarar, ya hana sauran ƙwayoyi masu ruɓar da abinci sakat. Wannan sinadari shi ake kira lactic acid, daga kalmar Latin mai nufin madara.

Louis Pasteur ne ya nuna a 1857 cewa halittu masu rai ke yin wannan tsami. A 1905 wani ɗalibi ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya ware irin da ke cikin yogot ɗin ƙasarsu. Dangi ne babba: akwai Lactobacillus, Lactococcus, Leuconostoc, Pediococcus, da Streptococcus thermophilus. A 2020 ma masana sun ga gidan Lactobacillus ya cika ya batse, suka raba shi gida 25, shi ya sa za ka ga an sauya wa wasu suna a jikin kwali. Ba a nono kaɗai suke ba. Suna cikin gasarar koko, da kunun zaki, da rogon da aka jiƙa don gari, da bakinmu, da hanjinmu, da farjin mace mai lafiya.

Malam, ai bakteriya cuta ce. Ta yaya cuta za ta yi maganin cuta?

Harshenmu ne ya ɗan haɗe mana abubuwa a nan. Muna cewa "ƙwayar cuta" ga duk ƙaramar halittar da ido ba ya gani, alhali mafi yawansu ba ruwansu da cuta. An ƙiyasta cewa jikin baligi yana ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, galibi a babban hanji, wato kusan daidai da yawan ƙwayoyin jikinsa. Da su aka haife mu kusan, da su za mu mutu.

Kuma bakteriya daban, bairos daban. Bakteriya halitta ce mai cin abinci, mai hayayyafa da kanta. Bairos kuwa, irin korona, ba ya ci, ba ya sha, ba ya iya haihuwa sai ya kutsa cikin ƙwayar jikin wani ya ƙwace kayan aikinta. Ya fi bakteriya ƙanƙanta sau goma ko fiye. Wannan bambanci zai dawo mana a gaba, wurin maganar kafso.

Mece ce garkuwar jiki ta haihuwa, kuma me ya raba ta da wadda allurar rigakafi ke bayarwa?

Ka ɗauki unguwa. Akwai katanga da ƙofa, akwai 'yan sintiri masu fito da gora. Ɗan sintiri bai san sunan ɓarawo ba, bai taɓa ganinsa ba, amma ya san duk wanda ke haura katanga ƙarfe biyun dare ba baƙon arziki ba ne. Wannan ita ce garkuwar da aka haife mu da ita: fata, majina, 'yan gasun da ke share maƙogwaro, da fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye duk baƙon da suka tarar. Tana tashi cikin mintuna ko 'yan sa'o'i.

Ta biyu ita ce wadda jiki ke koya. Ita tana ɗaukar hoton ɓarawon, ta haɗa masa makami daidai wuyansa, ta ajiye a ma'ajiya. Ta fi iya saiti nesa ba kusa ba, amma a karon farko tana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu. Allurar rigakafi ita take horarwa. A cikin kwanakin nan kafin ta shirya, 'yan sintiri ne kaɗai a fili, kuma abin da ya faru a waɗannan kwanaki shi ke yanke ko mutum zai yi mura ya warke ko zai kwanta.

Akwai wani abin mamaki a tarihin nan da nake so ƙwarai. A 1882, a garin Messina na Italiya, wani masani mai suna Élie Metchnikoff ya tsinko ƙayar wardi ya soka wa ɗan tsakon wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda jikinta garau yake kamar ruwa. Da safe ya duba a madubin ƙara girma, sai ya ga wasu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dandazo. Daga nan ilimin garkuwar haihuwa ya fara, ya kuma kai shi ga lambar Nobel a 1908. To, wannan mutumin dai shi ne daga baya ya dage cewa nono mai tsami yana tsawaita rai, yana kafa hujja da manoman Bulgeriya, yana sha kullum. Ya rasu a 1916 yana da shekara 71. Abin da ya gani a madubi ya tabbata. Abin da ya yi zato game da nono, yau sama da shekara ɗari ana ta gwada shi.

To ta yaya jiki ke gane korona ta shigo, tunda bai taɓa ganinta ba?

Ƙwayoyin jikinmu suna da na'urorin jin ƙamshin baƙo. Ba sa neman suna, suna neman alamar da mutum ba ya da ita. Bairos irin korona, idan yana kwafar kansa a cikin ƙwaya, yana samar da wani zaren gado, wanda ake kira RNA, mai ninki biyu wanda lafiyayyar ƙwaya ba ta saba da shi ba. Akwai na'urori irin su MDA5 da TLR3 masu gane wannan, akwai TLR7 mai gane zare mai ninki ɗaya. Binciken dangin TLR ne ya ba Jules Hoffmann da Bruce Beutler lambar Nobel a 2011.

Da zarar na'urar ta ji, sai ƙwayar ta saki wani sinadari mai suna intaferon. Shi ne kururuwar "ɓarawo! ɓarawo!" Ba ya kashe bairos da kansa. Maƙwabtan ƙwayar ne ke jin sa, su kunna ɗaruruwan kayan kariya, su rufe ƙofofi, su rage aikin da bairos zai iya ƙwacewa, su kira masu kashe ƙwayoyin da suka riga suka kamu. Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka gano shi a Landan a 1957, suna aiki da bairos ɗin mura da tantanin ƙwan kaza.

Idan haka ne, me ya sa korona ta kashe mutane da yawa?

Saboda gwanar toshe baki ce. Tana ɓoye zarenta a cikin wasu 'yan jakunkuna da take ƙerawa a cikin ƙwaya. Tana da wani furotin, nsp1, da ke cushe injin da ƙwaya ke haɗa saƙonninta da shi. Tana da wani, ORF6, da ke tare hanyar da saƙon intaferon ke bi ya isa cibiyar ƙwaya. Sakamakon shi ne kururuwa takan makara. Kafin unguwa ta farka, ɓarayi sun cika gida.

Shaidar da ta fi gamsar da ni ta fito a 2020 daga ƙungiyar Jean-Laurent Casanova. Sun duba mutum 987 da korona ta kai bakin mutuwa, suka tarar 101 daga ciki jikinsu yana ƙera makamin da ke kashe intaferon ɗinsu na kansu, kuma kusan dukkansu maza ne. A Holan kuma an ga samari 'yan uwan juna, lafiyayyu, da cutar ta kayar, aka gano TLR7 ɗinsu ba ya aiki tun haihuwa.

Lokaci shi ne komai a nan. A babban gwajin Solidarity na Hukumar Lafiya ta Duniya, an ba waɗanda ke kwance a asibiti intaferon, bai taimaka ba. Amma a wani gwaji da aka yi galibi a Birazil, wanda ya fito a 2023, an yi wa mutane allurar wani nau'insa a makon farko na ciwo, zuwa asibiti ya ragu da kusan rabi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ne ya sa masana suka koma tambayar: me ke sa 'yan sintiri su kasance a farke tun kafin ɓarawo ya zo?

Abin da ban gane ba: kindirmo ciki yake zuwa, korona kuma huhu take kamawa. Ina haɗinsu?

Tambayar da ta fi kowacce ma'ana ke nan, bari in ɗan zauna a kanta.

Hanji shi ne babbar kan iyakar jiki. Nan ne abin waje ya fi gogayya da abin ciki, shi ya sa kaso mai yawa na ƙwayoyin garkuwa suke zaune a bangonsa. A ƙaramin hanji akwai wasu 'yan tudu da aikinsu kawai ɗanɗana abin da ke wucewa. Suna cafko bakteriya su miƙa wa ƙwayoyin garkuwa su shinshina. Bakteriyar tsamin nono ba ta cutarwa, amma bangon jikinta da zarenta na gado suna taɓa na'urorin nan na TLR. Wani bincike na Japan a 2013 ya nuna cewa suna ɗauke da RNA mai ninki biyu da yawa, irin alamar nan ta bairos, kuma hakan yana sa ƙwayoyin garkuwar hanji su saki intaferon kaɗan. Ba kururuwa ba ce, gyaran murya ne. Sinadaran da aka saki, da ƙwayoyin garkuwar da aka zaburar, da abubuwan da bakteriyar hanji ke fitarwa idan ta ci dusar abinci, duk suna shiga jini, jini kuwa yana bi ta huhu.

An ga wannan ƙarara a ɓeraye. A 2011 ƙungiyar Akiko Iwasaki a Jami'ar Yale ta ba ɓeraye magungunan kashe bakteriya, sannan ta sa musu mura, sai garkuwarsu ta yi sanyi. A 2019 masu bincike a Cibiyar Crick ta Landan sun maimaita irin wannan: ɓerayen da hanjinsu ke da bakteriyarsa, kusan kashi 80 cikin ɗari suka rayu, waɗanda aka share wa hanji, kashi ɗaya cikin uku kawai. Da aka mayar musu da bakteriyar, kariyar ta dawo. Abin da ya sauya shi ne shirin intaferon a bangon huhu.

Sannan korona kanta ba huhu kaɗai take zuwa ba. Ƙofar da take shiga ta ita, ACE2, tana da yawa a bangon ƙaramin hanji. Shi ya sa wasu suka yi gudawa, shi ya sa ake bin sawun cutar a ruwan masai na birane. A Hon Kon an duba majinyata 100 aka tarar wasu bakteriya masu amfani sun ragu a hanjinsu, raguwar kuma ta fi tsanani ga waɗanda ciwo ya fi kayarwa. Sai dai a lura: mai tsananin ciwo ba ya cin abinci, kuma ana ɗura masa magunguna. Ganin abu biyu tare ba ya nuna wanne ya haifi wanne.

An taɓa gwada su da korona kai tsaye?

A kwanon gwaji, an yi. Masu bincike a Tucumán ta Ajantina tare da takwarorinsu na Japan sun shafe shekaru a kan wannan. Suna da wani iri, Lacticaseibacillus rhamnosus CRL1505, da aka samo daga nonon akuya, wanda har ake sa shi a yogot ɗin da ake raba wa 'yan makaranta a lardin. A 2021 sun ba da rahoton cewa ƙwayoyin huhun mutum da aka haɗa da wasu ire-iren Lactiplantibacillus plantarum kafin a zuba musu korona sun fi sakin intaferon, bairos ɗin kuma bai yaɗu sosai ba. Kalmar da za a riƙe ita ce "kafin". Kuma ƙwayar da ke kwance a kwano ba ta da tsamin ciki, ba ta da shekara saba'in, ba ta da ciwon sukari.

A jikin mutane fa?

Nan ne labari ya rarrabu.

A birnin Meziko an ɗauki mutum 300 masu ciwo mara tsanani, suna gida. Rabi sun sha haɗin ƙwayoyin tsamin nono iri huɗu na tsawon kwana 30, rabi sun sha hoto, wato kafso marar komai. Waɗanda suka warke sarai, alamu suka tafi kuma gwaji ya nuna babu bairos, sun kai kashi 53 a ɓangaren farko, kashi 28 a na biyu. Sakamako ne mai kyau. Amma kamfanin da ke yin kayan ne ya ɗauki nauyin aikin, kuma babu ko mutum ɗaya a ɓangarorin biyu da ya kwanta asibiti, don haka gwajin bai ce komai ba game da ceton rai.

A Jami'ar Duke ta Amurka an ba mutanen da ke gida ɗaya da mai korona wani irin ƙwayar tsamin nono da ake kira LGG. Mutum 182 ne. Masu nuna alamun ciwo sun kai kusan kashi 26 a masu sha, kashi 43 a masu hoto. Amma wajen kamuwa da gwaji ya tabbatar, bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba, mutanen sun yi kaɗan.

A Mosko an gwada a kan mutum 200 da ke kwance. Gudawa ta yi saurin tsayawa. Mutuwa da shiga ɗakin kulawa ta musamman ba su sauya ba.

Idan aka koma mura da tari na yau da kullum, wanda wasunsa ma dangin korona huɗu ne ke kawowa, an fi samun bayanai. Ƙungiyar Cochrane, wadda ba ta da sassauci wajen tace bincike, ta tattara gwaje-gwaje sama da 20 a 2022, mutum kusan dubu bakwai. Ta ce mai yiwuwa masu kamuwa su ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ciwon kuma ya gajarta da kwana ɗaya da ɗan wani abu, amma ta ce ƙarfin shaidar bai kai a saki jiki ba. Ra'ayina: akwai wani abu a wurin, ƙarami ne, ya fi bayyana a ciwo mai sauƙi, kuma bai taɓa nuna yana tsamo wanda ya nutse ba.

Wato in ci gaba da shan kindirmo ko in daina?

Sha abinki, Hajiya. Abinci ne mai kyau, yana da furotin da sinadarin ƙarfafa ƙashi, kuma wanda madara ke ɓata wa ciki yakan fi jure shi domin bakteriya ta riga ta cinye wani ɓangare na sukarin. A Jami'ar Stanford an sa mutum 36 a gwaji na mako 10 a 2021. Waɗanda suka yawaita abinci mai tsami na gargajiya, ire-iren bakteriyar hanjinsu sun ƙaru, sinadaran kumburi 19 a jininsu sun ragu. Abin da babu shi ne gwajin da ya nuna kindirmo ko nono na hana korona. A sha shi a matsayin abinci.

Ai duk Lactobacillus ne. Wanda ke ƙwaryar Fulani da wanda ke kafso, mene ne bambancinsu?

Kama da wane ba ta wane. A cikin jinsi ɗaya akwai ire-ire da yawa, kamar yadda gero yake gero amma manomi ya san wanda ke nuna da wuri da wanda ke jure fari. Masu binciken Tucumán sun sha gwada 'yan uwan juna biyu, ɗaya ya motsa garkuwa, ɗaya ko gezau. Shi ya sa sunan da ke da amfani a jikin kwali shi ne mai lamba ko haruffa a ƙarshe, kamar GG ko CRL1505 ko Shirota, wanda Minoru Shirota ya ware a Kyoto a 1930 aka gina abin shan nan na Japan, Yakult, a kansa. Ma'anar furobayotik, wato ƙwayoyi masu amfani da ake sha don lafiya, da hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsayar a 2001 tana da sharuɗɗa: a raye, a isasshen adadi, kuma an nuna amfaninsa. Gwaje-gwaje yawanci suna ba da biliyoyi a rana. Ƙwaryar wannan rugar da ta waccan ba iri ɗaya ke ciki ba, ta yau ma da ta watan gobe suna iya bambanta.

Kuma yawancinsu baƙi ne masu wucewa. Tsamin ciki yana kashe da yawa, waɗanda suka tsira su yi 'yan kwanaki su fita. Ka daina sha, su ɓace.

Koko da kunun zaki da daddawa fa?

Gasara tana cike da su, amma ruwan zafin da ake dama koko da shi yana kashe su. Kunun zaki ya danganta da yadda aka yi shi da tsawon zaman da ya yi. Daddawa kuwa ba 'yar gidan nan ba ce sam. Wata bakteriya ce daban, Bacillus subtilis, ke ruɓar da kalwa, kuma ba tsami take samarwa ba, akasinsa take yi. Hanci ma ya shaida.

Idan sun mutu a wuta, shi ke nan sun tashi aiki?

Ba lallai ba. Na'urorin garkuwa siffa suke ji, gawa kuwa tana nan da siffarta. Kamfanin Kirin na Japan yana sayar da wani iri na Lactococcus lactis da aka kashe da zafi, bisa binciken da ya nuna yana zaburar da ƙwayoyin da suka fi kowa sakin intaferon. Amma wannan iri ne da aka zaɓo daga tarin ire-iren da aka gwada, yawancinsu ba su yi ba. Kada a ɗauki hujjarsa a ɗora wa kofin koko.

Ina ganin "yana ƙara garkuwa" a jikin robar yogot. Gaskiya ne?

Duba abu uku: an rubuta cewa akwai ƙwayoyi masu rai? An faɗi sunan irin da lambarsa? Nawa ne sukarin? Wasu ana sake dafa su bayan sun yi tsami don su jure rashin wuta, wasu kuma sukari da garin madara ne aka kaɗa. Lambar NAFDAC tana nuna an yi wa kaya rajista, ba takardar shaidar maganin korona ba ce.

Ita kalmar "ƙara garkuwa" ma tana da matsala. Da yawa daga waɗanda korona ta kashe, a mako na biyu garkuwarsu ce ta haukace, ta cika huhu da kumburi da ruwa. Maganin farko da aka tabbatar yana ceton rai, a gwajin RECOVERY na Ingila a watan Yunin 2020, shi ne dexamethasone, kuma aikinsa danne garkuwa ne. Ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, bai amfani masu ciwo mai sauƙi ba. Abin da ake so shi ne garkuwa mai tashi da wuri, mai sanin lokacin kwanciya.

Akwai haɗari?

Ga mai lafiya, da wuya ya wuce kumburin ciki na 'yan kwanaki. Ga wanda ya raunana sosai, akwai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: idan bangon hanji ya lalace, ko akwai robar ƙarin ruwa a babbar jijiya, bakteriyar kirki ma tana iya faɗawa jini. A Holan a 2008 an ba masu tsananin ciwon wata gaɓa ta ciki da ake kira fankiriyas haɗin furobayotik, mutuwa ta kai kashi 16 a masu sha, kashi 6 a marasa sha. A 2021 an gwada LGG a kan mutum kusan 2,650 da ke kan injin numfashi a Kanada da Amurka da Saudiyya, bai rage ciwon huhu ba. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan mutuwar wani bakwaini da aka ba. Don haka mai shan maganin ciwon daji, wanda aka yi wa dashen ƙoda, mai ƙanjamau da ya yi nisa, da jariri bakwaini, kada a ba su kafson nan sai da yardar likita.

Haɗarin da ya fi kusa da mu kuwa ba na ƙwayoyin tsami ba ne, na madarar da ba a tafasa ba ne da ruwan da ake sirka nono da shi. Tarin fuka na shanu da zazzaɓin burusela suna bi ta ɗanyar madara, tsami kuma ba ya ba da tabbacin kashe su.

Ni da na ji mura sai in je kemis in karɓi kafso ja da rawaya. Laifi ne?

Na taɓa tsayawa a wani kemis lokacin hunturu, a gabana mutum huɗu suka sayi maganin kashe bakteriya saboda mura, ɗaya ma ƙwaya huɗu kawai ya ce a ƙirga masa, na kwana ɗaya. Maganin nan ba ya taɓa bairos. An gwada azithromycin, wani maganin kashe bakteriya, a kan dubban masu korona a RECOVERY, bai yi komai ba. Abin da yake taɓawa shi ne bakteriyar hanjinka, wato su ɗin da ɓerayen Landan suka rasa. Kafin mutum ya kashe kuɗi ya sayo ƙwayoyi a kwali, ya daina kashe waɗanda yake da su kyauta. Kuma shan furobayotik bayan haka ba lallai ya gyara ɓarnar ba. Wani bincike na Cibiyar Weizmann a 2018 ya ga yana iya jinkirta dawowar bakteriyar mutum ta asali.

Zai iya maye gurbin allurar rigakafi?

A'a. Ɗan sintiri ba ya riƙe hoton ɓarawo.

Nonon raƙumi fa? An ce ya fi kowanne ƙarfi.

A nan sai a yi hattara, domin raƙumi yana da tasa koronar. Cutar MERS da ta ɓulla a Saudiyya a 2012 daga raƙuma take tsallakowa, kuma kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu sun rasu. A 2015 masu bincike sun ɗauki samfur daga raƙuman da ake yankawa a mayankar Kano suka tarar da bairos ɗin a hancin wasu. An kuma nuna a ɗakin gwaji cewa yana iya kwana uku da ransa a madara mai sanyi, amma zafin digiri 63 na minti 30 yana gamawa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada a sha shi ɗanye, musamman masu ciwon sukari ko ƙoda ko huhu. Alhajin da aka miƙo wa kwano mai kumfa a bakin hanyar Makka, ko matafiyi a Agadas, ya sa a ɗora a wuta tukuna. Idan yana son tsaminsa, bayan ya huce ya zuba ɗan kindirmon jiya ya rufe.